Shekarar da Na Ba da Rabi

Ku 'ya'yana, Rabi da Zainabu da Usman, wannan babin naku ne, kuma na fi son ku karanta shi ina da rai, don mai tambaya ya same ni ya yi. Yayanku Habu ba zai karanta ba, shi ba ya karatu, amma maganarsa ce daga farko har ƙarshe. Tun ranar sadakar bakwai ta mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, nake jin ƙus-ƙus a tsakar gida, ana cewa idan Umma ta bi Baba ina za a kai Yaya Habu. Kunnena bai mutu ba, ƙafafuna ne kawai suka gaji. Na kuma ji abin da ke Rabi kika faɗa wa Zainabu a bakin murhu, cewa a gidan nan an taɓa yin zaɓe, kuma ba ke aka zaɓa ba. Ban tanka ba a lokacin, ina cikin takaba, gida cike da mutane. Yanzu na fita, zan tanka.

Habu shi ne ɗana na fari, kun kuwa san yadda aka rene mu da kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, nono ma sai na juya wa jama'a baya nake ba shi. Idan maganarsa ta kama sai in ce "yaron nan". Da ya shekara uku bai ce uffan ba, ba ya waiwayowa idan an kira shi, ba ya kallon idon kowa, kakarku Inna, mahaifiyar babanku, ta ce nauyin baki ne, a danginsu akwai wanda sai da ya shekara biyar ya yi magana kuma ya zama mai wa'azi. Ni kuwa a raina wani abu nake saƙawa. Ina zaton don bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba ne ya sa bai san nasa ne ba. Na yi shekaru ina ɗauke da wannan zaton, ban gaya wa kowa ba.

Yana da abubuwansa da ba a taɓawa. Kowace yamma, da ya ga na kusa sauke tukunya, sai ya kwaso kwanukan gida ya jera su a gindin bango, na Inna a farko, sai na babanku, sai nawa, sai nasa. Da aka yaye ki, Rabi, aka sayo miki wata 'yar langa koriya, shi da kansa ya ƙara ta a ƙarshen layi, ba wanda ya ce masa. Idan aka sauya wa kwano ɗaya wuri, ranar ba mai cin tuwo da kwanciyar hankali. Abu na biyu ruwa. Gidan nan shi ne na ƙarshe a unguwa a wancan lokacin, daga katangarmu sai gonaki, ƙaramin kanal na ban ruwa kuma yana wucewa ta bayan ɗakin Inna. Ranar da aka sako wa ɓangarenmu ruwa, Habu zai tsuguna a bakin kanal tun hantsi har azahar yana kallon yadda yake malala cikin fangalin gonaki, fuskarsa a sake. Kalma ɗaya da ta zauna a bakinsa da kyau ita ce "ruwa". Ƙara kuwa ita ce abokiyar gabarsa. Injin casar shinkafa, babur mai fasasshen salansa, guɗar mata a gidan biki, duk wanda ya same shi ba shiri sai an ji a jika.

Yana ƙarami, idan abin ya taso masa, kansa yake ji wa ciwo. Ya ciji bayan hannunsa har ya yi kanta, ya buga goshi da bango. Da ya fara ƙarfi sai abin ya koma kan wanda ya fi kusa, ni ce kuwa kullum a kusa. Ku dubi hannuna na hagu, ba man tuya ne ya yi mini wannan tabon ba, kamar yadda nake gaya wa mata a gidan suna. Ba irin maganin da ba a nema ba. An sha rubutu, an yi turare, an kai shi wajen wani mai ruƙiya da ya riƙe masa kai yana ɗaga murya a cikin kunnensa, yaron da ƙarar babur ma take gigita shi. Ranar sai da ya huda leɓensa da haƙori. Babanku mutum ne mai sanyi, amma 'yan'uwa suka yi ta zuga shi cewa sangarta ce, har ya yanko tsumagiya. Duk ranar da aka dake shi, washegari abin sai ya fi muni. Addu'a ban taɓa barinta ba, har gobe ina yi, amma duka da tsawa na gane da wuri ba za su kai mu ko'ina ba.

Wata ma'aikaciya a ƙaramin asibitinmu, Sista Rifkatu, mutuniyar Filato da ta daɗe a garin nan har ta fi ni iya ciniki a kasuwar Bunkure, ita ce ta gaji da wanke mini ciwo ta ce mu kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a birni. Muka je da babanku. Likitan ya daɗe yana kallon Habu yana jera murafen kwalba a ƙasa, ya yi mana tambayoyi, sannan ya ce sunan abin otizim, wanda yanzu nake jin masu rediyo suna ce wa galahanga.

"Likita, akwai allurar da za ta raba shi da shi?" in ji babanku.

"Babu, Malam. Haka Allah Ya halicce shi. Ba hauka ba ne, kuma ba laifin kowa ba ne." Sai ya juyo wajena. "Malama, ke kike wuni da shi. Cizon nan da dukan nan magana ce da ya kasa yi da baki. Ki rage kallon dukan, ki riƙa kallon abin da ya faru kafin dukan."

Na so in tambaye shi maganar sunan, kunya ta hana ni. Amma "ba laifin kowa ba ne" ɗin nan na ƙulle shi a bakin zane na taho da shi gida.

Daga nan na zama mai gadi. Na gane kafin ya tashi sai ya fara wani gunji ƙasa-ƙasa, yana kaɗa jiki gaba da baya, yana danne kunnuwa da tafin hannu. Da na ji gunjin nan sai in ajiye ko me nake yi, in kawar da yara da wuƙa da ruwan zafi, in rage murya, ba na zuwar masa ta baya, ba na yi masa tambaya. Akwai wani tsohon bargo mai nauyi na babanku, idan na naɗe shi a ciki na matse, sai in ji jikinsa yana saki a hankali. Na ɗinka masa tsumma mai kauri na rataya masa a wuya, ya riƙa cizo maimakon hannunsa. Idan za a yi biki a maƙwabta, tun kafin makaɗa su iso na ja shi bakin kanal. Idan za a sauya wani abu a gida, ko da tabarma ce, sai na nuna masa tukuna. Ba kullum ake dacewa ba. Amma daga tashi kusan kowace rana, muka koma sai a yi mako, wani lokaci har wata, gida lafiya. Inna ma ta fara gaya wa baƙi jikanta ya yi hankali, sai ka ce ita ta yi aikin.

Sai shekarar da tumatir ya yi kwantai. Habu yana da shekara goma sha biyu, ke Rabi kina neman biyar, biyun da na haifa a tsakaninku ba su zo da nisan kwana ba. Kwanduna suka yi ta ruɓewa a bakin titin Kura ba mai tayawa, manoma suna zubarwa shanu suna ci. Da rani ya zagayo, duk masu gonakin bayan gidanmu, har da babanku, suka ce sun tuba da tumatir, shinkafa za su yi. Ni har murna na yi, don sana'ata turara shanshera ce, wato shinkafar da ba a cashe ba, ga ta za ta zo mini har ƙofar gida. Ba wanda ya tuna da tsuntsu, ni ma ban tuna ba. Ku da kuka tashi kuka ga wasu suna rufa wa shinkafa raga, ba ku san korar tsuntsu ta sosai ba. Da shinkafa ta fitar da kai ta fara nono, jan-baki yake saukowa garke-garke. Sai a kafa sanduna a kewaye gona, a ja igiya, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Yara su hau rumfa tun da sassafe suna fizgar igiyar suna ihu, wasu suna dukan tsofaffin kwanuka, har rana ta faɗi. Ba gona ɗaya ba, ba biyu ba, duk bayan katangarmu. Bakin kanal ɗin da nake kai shi ya huce kuma, nan ne ya zama tsakiyar ƙarar.

Na toshe masa kunne da auduga, ya cire. Na kai shi ɗakin da ya fi nisa da katanga, ƙarar ta biyo mu. Ya daina barcin kirki, abinci sai an yi da gaske, gunjin nan ya zama ba ya yankewa, har na kasa bambance na gargaɗi da na kullum. Na roƙi babanku ko a gonarmu kaɗai a daina.

"Hajara," ya ce, "in na daina, tsuntsun garin nan kaf a gonata zai wuni. Me za mu ci?"

Gaskiya ya faɗa, ban sake tayar da maganar ba.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne. Na ɗora rabin duro a wuta ina turara shanshera, Habu yana tsugune a gindin bango ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Ke Rabi kin ga yaran gona suna abin da ya burge ki, kika samo gwangwanin madara kika zuba masa tsakuwa. Wasa kike yi. Kina son yayanki, kullum kina biye da shi kina ajiye masa rabin ƙosanki a kusa da ƙafa. Na juya in ɗebo itace. Kika lallaɓo ta bayansa, kika kaɗa gwangwanin a daidai kunnensa, kika yi ihun korar tsuntsu iya ƙarfinki kina dariya. Kafin in yar da itacen ya kama damtsenki da haƙori, sannan ya hankaɗa ki, kika faɗa jikin duron. Wannan shi ne tabon da ke wuyanki da kafaɗarki, wanda kike rufewa da mayafi ko a cikin mata. Ban san abin da aka gaya miki a kansa ba, amma yadda aka yi ke nan, ina tsaye, taku kaɗan ne tsakaninmu, ban isa ba.

Na sure ki na yi asibiti ko takalmi babu. Kukan da kika yi a hannun Sista Rifkatu har yau yana kunnena. Da muka dawo na tarar da Habu a bayan rumbu, ya fasa goshinsa da bango, jini ya bushe masa a fuska, ba wanda ya kusance shi. Na kwantar da ke, na ɗauko bargo na naɗe shi, ina riƙe da shi ina jin numfashinki daga ɗaki.

Bayan kwana biyu Baffanku Idi, yayan babanku, ya zo. Shi ne babba tun rasuwar kakanku, maganarsa ita ce magana. Suka zauna a ɗakin Inna, aka kira ni, na tsuguna a bakin ƙofa.

"Abin ya isa haka," in ji shi. "Yau ƙanwarsa ce, gobe ɗan maƙwabta ne, mu kwana a hannun hukuma. Akwai wani mutum can gaba da yake karɓar irinsu, yana sa musu mari a ƙafa har su natsu. In kuwa ba za a kai shi ba, a kafa masa turke a bayan ɗaki."

"Yaya, ƙarar gwangwanin nan ce," na ce. "Da an yanke shinkafa zai dawo daidai."

"Baɗi ba za a sake shukawa ba ne? Hajara, yaron nan ƙarfi yake ƙarawa, ke kuwa raguwa kike yi."

Babanku yana zaune yana kallon tabarma. Ni kuwa na taɓa ganin irin gidan da ake faɗa, lokacin da muke yawon neman magani. Na ga samari a zube a rana, ƙarfe a ƙafa, idon sawu ya zama gyambo, ana daka musu tsawa. Su kuwa ko ba komai suna da bakin da za su ce yunwa suke ji. Nawa ko sunansa ba zai iya faɗa ba.

Washegari da la'asar ina ɗaki ina sa miki magani, sai na ji ƙarar ƙarfe a tsakar gida. Na leƙo, ga Baffa Idi da maƙeri da wasu samari biyu majiya ƙarfi, an zazzage mari daga buhu. Sun kewaye Habu, shi kuwa yana tsugune yana jera kwanuka, langarki a hannunsa, bai ma san da shi ake ba. Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli Yaya Idi ba, ni da tun ranar suna ban taɓa furta sunan yaron nan ba, sai na ji bakina ya buɗe.

"Habu! Abubakar! Zo nan wajen uwarka."

Inna ta saki salati, don a wajenta wannan rashin kunyar ya fi marin girma. Shi kuwa bai waiwayo ba, kamar yadda bai taɓa waiwayowa ba. Ya ajiye langar a ƙarshen layi, ya gyara mata zama. Ni na taka na je na tsaya a kansa, na ce wa maƙerin ya fara auna ƙafata, don duk inda aka ɗaure shi nan za a ɗaure ni. Maƙerin mutumin kirki ne, ya mayar da ƙarfensa buhu, ya ce shi sai mutanen gida sun daidaita, ya fita. Samarin suka bi shi.

"To, marar kunya, mun ji," in ji Inna. "Ɗanki ne, kin shaida wa duniya. Amma ita ma wadda ke kwance a ɗaki jikata ce, ba zan zuba ido a kashe ta a gabana ba. Su biyun nan ba za su ci gaba da zama gida ɗaya ba. Ki zaɓa."

Na daɗe ina jin haushin Inna a kan maganar nan. Yau da na kusa shekarunta na san tsoro ne ya sa ta, kuma tsoron yana da dalili. Ni kaina ba zan iya rantsewa cewa ba zai sake ba. Saura makonni a yanke shinkafa, ga wuta, ga duro, ga yarinya mai ƙiriniya, ni kuma ba ni da ido a ƙeya. Na yi tunanin in ɗauke shi mu tafi wani wuri ni da shi, to ina? Iyayena sun rasu, kuma wane gida ne zai buɗe wa baƙo irin Habu ƙofa? Wanda sauyin tabarma yake tayarwa, ina ga sauyin gari. Da safe babanku ya same ni ina wanke miki ciwo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a hankali, "Asabe ta daɗe tana roƙon a ba ta riƙo." Asabe ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Madobi, Allah bai ba ta haihuwa ba.

Ga abin da na auna, Rabi, ki ji shi daga bakina. Ke yarinya ce mai shiga rai, mai surutu, mai dariya. Duk gidan da kika shiga za a so ki, a yi miki kitso, a sa ki makaranta. Shi kuwa duk duniya ba mai son sa sai ni da babanku, babanku kuma ba ya iya ja da yayansa. Idan na ba da ke, hannun ƙanwata za ki. Idan na ba da shi, turke za shi. Ban riƙe shi don na fi son sa ba. Na ba da wadda na san za a karɓa da hannu biyu ne. Na kuma gaya wa kaina na 'yan makonni ne, da an yanke shinkafa ki dawo ɗakinki.

Asabe ta zo da kanta, da sabon takalmi da alewa. Ina ƙulla miki kaya kina zaune a bakin gado.

"Umma, Yaya Habu ya daina fushi da ni?"

"Ba fushi yake yi da ke ba."

"To in na warke zan dawo?"

"In Allah Ya yarda."

Kika ce a ba ki langarki. Na je zan ɗauka, sai na tuna abin da zai biyo baya da yamma idan ya ga layi ya ragu, na dawo na ce ki bar ta, ai kwana nawa ne. Har langar ma shi na bar wa. Aka ɗora ki a babur tsakanin mai babur da Asabe, wuya naɗe da bandeji, kina ta waiwaye. A wajenmu uwar da ta ba da riƙo ba ta kuka, kyauta ta yi wa 'yar'uwarta. Na koma bakin wuta na ci gaba da juya shanshera, hayaƙi ya rufa mini asiri.

Aka yanke shinkafa, gwangwanaye suka yi shiru, Habu ya koma bakin kanal ya koma cin abincinsa, kamar yadda na faɗa. Na aika Asabe ta kawo ki. Kina shigowa daga zaure kika hango shi a tsakar gida, kika ƙanƙame ta kina ƙara har fitsari ya kubce miki. Ƙarar taki ta sa ya fara gunji. Ko ruwa ba ku sha ba ta juya da ke. Muka ce a bari tsoron ya sake ki. Damina ta wuce, rani ya dawo da shinkafarsa da tsuntsayensa, ni kuma ga cikin Zainabu, ke kuma an sa ki makaranta a can. Da na sake tayar da maganar, Inna da dangina suka taru a kaina. Wa ya taɓa ba wa 'yar'uwarsa marar haihuwa riƙo sannan ya je ya ƙwace? Aro kika ce mata ko kyauta? Riƙo ba a sa masa wa'adi. Ni kaɗai na sa masa a zuciyata, ranar da aka zo ɗaukarki kuma ban faɗa da baki ba, don ina jin nauyin ƙanwata da na ga yadda take murna.

Duk da haka na shirya na je Madobi, da goyon Zainabu a bayana, da niyyar ko za a ɓata in taho da ke. Na tarar da ke a tsakar gida, an yi miki kitso, kin yi ƙiba, kina taya Asabe tsintar shinkafa.

"Rabi, ba ki gaida Yaya ba?" in ji Asabe, don haka take kirana.

Kika durƙusa da ladabi, yadda ake yi wa baƙi.

"Yaya, ina wuni." Sannan kika juya wajenta. "Umma, in kawo mata ruwa?"

Na sha ruwan. Na kalli Asabe na ga ta ajiye faifai, ta san abin da ya kawo ni. Ba ta yi mini laifin komai ba, ta riƙe ki fiye da yadda zan iya a lokacin. Na ce zumunci ne kawai ya kawo ni, na kwana na dawo. A mota na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ki. Har yau Yaya kike ce mini. Ranar aurenki ina cikin 'yan biki, Asabe ce uwar amarya, ita ta yi miki faɗa, ita aka yi wa Allah Ya sanya alheri. Ta cancanta, amma ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Za ki ce to Zainabu da Usman fa, ai a gidan suka tashi ba a kai su ko'ina ba. Haka ne. Kafin su yi wayo Inna ta rasu. Babanku ya nemi wata gonar albasa nesa da masu shinkafa, duk lokacin korar tsuntsu sai ya goya Habu a keke tun kafin yara su hau rumfa, su wuni can sai magariba. Abin da ya iya ke nan, ya kuma yi shi har ƙarfinsa ya ƙare. Su kuma ƙannenki tun suna rarrafe nake koya musu: ba a zuwar masa ta baya, ba a ihu kusa da shi, in an ji gunji a fita a kira ni. Ke ban koya miki ba, don ban san wasan yarinya zai iya kai mu nan ba. A kanki na koya.

Kai Usman, kai na ji kana cewa yanzu akwai wurare na zamani, ba irin na da ba. Wataƙila akwai, ban sani ba. Amma ka san yayanka. Ya haura talatin, furfura ta fara leƙo masa, yana bin ka gona yana buɗe wa albasa ruwa, an kuma daɗe rabon da ya ɗaga wa wani hannu. Ba warkewa ya yi ba, gidan ne ya koyi zama da shi. Bargon yana nan rataye a bayan ƙofa, kun san gunjin, kun san abin da ake yi. Yawon da yake yi ba ƙarfe a ƙafarsa ba a banza aka same shi ba, a bakin ƙuruciyar yayarku aka same shi, ba a kuma tambaye ta ba. Idan na tafi kuka ɗauke shi daga nan, ita kuka yi wa asara karo na biyu.

Saura magana ɗaya. Kwanakin makokin babanku su ne karo na farko da kika kwana a gidan nan, Rabi, tun kina shekara biyar. Da yamma Habu ya jera kwanuka yadda ya saba, ya wuce ki bai kalle ki ba. Kina zaune a tabarma da farantin baƙi a gabanki, kika ga na taso daga cikin masu gaisuwa na gutsuri tuwo na sa a wata tsohuwar langa da fentinta ya gama zubewa.

"Wannan ta wace yarinya ce?" kika tambayi Zainabu.

"Ba ta kowa ba ce," in ji ta. "Tun da na yi wayo haka Yaya Habu yake ajiye ta. In ba a zuba ba, ba ya cin nasa."

Ba laifin Zainabu ba ne, ban taɓa gaya mata ba. Ina jin ku, na koma cikin masu gaisuwa na zauna.

Langarki ce, Rabi, wadda kika ce a ba ki na hana. Ranar da aka fita da Inna a makara yana kallo, da yamma shi da kansa ya cire kwanonta daga layi. Haka ya yi wa na babanku. Taki bai taɓa cirewa ba, shekara ashirin da 'yan kai. Ban san abin da ke cikin kansa ba, ban taɓa sani ba, ba zan yi miki ƙarya in ce kewarki yake yi ba. Abin da na sani, bai taɓa fitar da ke daga mutanen gidan nan ba, ni ma haka. Kowace yamma ina zuba miki, idan ya gama ya tashi ni nake cinyewa, ya huce.

Ban ce ki kira ni Umma ba, kina da wadda ta ci sunan da guminta. Amma idan kin samu sarari wata yamma, ki zo kafin in sauke tukunya. Ki yi sallama a hankali, kada ki bi ta bayansa, ki zauna a ƙarshen layi. Tuwon ba shi da yawa, cin 'yar shekara biyar ne, amma da zafinsa za ki same shi.